Tukunyar Da Murhu Ya Ƙi

Ƙit… ƙit… ƙit…

Karo na uku ke nan murhun yana wannan kuka, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa.

Mas'uda ta tsaya riƙe da kunnuwan tukunya. Mayafinta ya zame har kafaɗa, ba ta ma sani ba. Ruwan da ke ciki ko motsi bai yi ba.

"Sake wata," in ji Hajiya Halima, uwar ango, daga kan kujerarta.

Ta sake. Ta ɗauko ta huɗu, ƙaramar ta miya, ta zuba ruwa, ta ɗora a kan baƙin gilashin nan mai sheƙi da aka ce wai shi ne murhu. Ta danna inda aka nuna mata.

Ƙit… ƙit… ƙit…

"Ikon Allah!" wata daga cikin matan da suka zo jere ta riƙe haɓa. "Ko kuran ne ya tafi, an ɗauke wutar lantarki?"

"Ga fanka tana juyawa, wane kuran?"

Sai Najma ta taso. Najma ɗiyar ƙanwar Hajiya ce, a gidan ta girma. Ta zo tana taku ɗaya-ɗaya da wata 'yar buta mai ƙyalli a hannu.

"Matsa kaɗan, amarya… bari in gwada tawa sa'ar."

Ta ɗora. Ta danna wuri ɗaya da wanda Mas'uda ta danna.

Shiru. Babu ƙit.

Kafin a gama salati, buta ta fara huci. Ruwa ya tafasa, babu wuta, babu hayaƙi, babu ko ƙyallin garwashi!

Mata suka dubi juna.

"To fa…" in ji Najma a hankali, tana duban ƙasa kamar mai jin tausayi. "Ni dai ban ce komai ba. Amma a ce murhun gidan miji ya ƙi hannun mace tun ba ta shigo ba…"

"Farar ƙafa," wata ta raɗa daga baya. Raɗar da kowa ya ji.

Hajiya Halima ta daɗe tana kallon Mas'uda, daga kai har ƙafar da ake magana.

"Ku tsaya da jeren nan," ta ce. "Ɗa ɗaya gare ni. Ba zan yi gaggawa da shi ba. A gaya wa mutanen gidansu, maganar Asabar a dakata tukuna."

Mas'uda ta rungumi tukunyarta, ta fito, ruwan yana zuba a zanenta har bakin titi.

Ni ba na wurin. Jere aikin mata ne, ita kanta amarya ba ta zuwa, Najma ce ta sa aka kira ta, wai a koya mata sabon murhu. Amma Mas'uda jikata ce, ni na raine ta tun iyayenta suka rasu tana rarrafe, kuma ta ba ni labarin har da yadda kowace ta riƙe baki.

Tukunyar da murhu ya ƙi kuwa, ni na zuba ta.

Ku 'yan matan da ke karanta wannan, in ba ku san ni ba, ku tambayi iyayenku mata wane ne Garba Mai Dalma na Matameye. Su juya gindin tukunyarsu, za su ga tambarin tauraro, nawa ne. Ban yi lakwal ba, ban taka makarantar boko ba ko na yini ɗaya, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Amma shekara hamsin da shida ina narka dalma. Na ga fari uku da idona. A na farkon shanun mahaifina suka ƙare ƙaf, na shigo garin nan da wando ɗaya, na tsinci gwangwani na narka, na rayu. Ƙyanda ta kama ni ta sake ni. Narkakkiyar dalma ta zubo mini a ƙafar hagu, likita ya ce a yanke, na ce ya yanke tasa. Ga ta nan ina takawa. Daga Kance zuwa Tsauni babu gidan bikin da ba a dafa a tukunyata ba.

Don auren Mas'uda na zuba goma sha biyu, daga mai cin tiya biyar har 'yar ta shayi. Wata uku ina yi.

Sai ga ta ta shigo da guda a ƙirji, ido jawur.

"Amaryata, wa ya taɓa ki?" Haka nake kiranta tun tana goye, wasan kaka da jika.

"Kaka… an fasa."

"An fasa tukunyar?"

"An fasa auren!"

Da ta gama ba ni labari na miƙe tsaye, na ce a kawo mini sandata. Wane irin murhu ne zai ƙi tukunyar Garba? Duwatsu uku sun karɓe ta. Murhun gawayi ya karɓe ta. Gas ya zo da hura hancinsa, ya karɓe ta. Sai wani faifan gilashi da ko toka ba ya yi?

"Ko sun dawo da gwiwa ba zan bayar ba!" na ce. "Ki zauna. Ni ma mijin ne, kuma ban taɓa ƙin tuwonki ba."

Na zaci za ta yi dariya ko ta ƙara kuka. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ta juya tukunyar tana kallon gindinta, tana shafawa da yatsa.

"Kaka, me ya sa?"

"Hassada ce."

"A'a. Murhu bai san ni ba, bai san Najma ba. Me butarta take da shi wanda tukunyarka ba ta da shi?"

Haka take tun tana ƙarama. Rediyona biyu ta kwance don ta ga mai magana.

Angon, Munkaila, yaro ne mai haɗa wutar rana, irin fannon nan da ake shimfiɗawa a kan rufi. Ranar yana wani ƙauye bayan Dawce yana haɗa wa rijiyar burtsatse wuta, inda waya ba ta shiga. Sai Laraba da hantsi na ji moto, wato babur ɗinsa, ya tsaya a ƙofar gida kamar zai shigo da zauren.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa wa bango.

"Baba, don Allah a ba ni izini in gan ta."

"Wa? Mai farar ƙafa? Kada ta taka maka moto ya ƙi tashi."

"Baba…"

Na bar su a zaure, na koma rumfar aikina. Rumfar tana jikin zauren, kuma kunnena, alhamdu lillahi, har yau yana jin tafiyar ƙadangare.

"Mas'udata…"

Ya sake gwadawa.

"Hasken idona, ki dube ni ko sau ɗaya."

"Ka sani?"

"Me?"

"Ka san murhunka ba zai karɓi tukwanen Kaka ba?"

Na daina dakan ƙasar da nake yi.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani! Ka bar ni na tsaya gaban mata ashirin, gaban Hajiya, ina ɗora tukunya ina saukewa kamar mahaukaciya!"

"Wallahi ban san za a kira ki ba! Saurare ni, abar ƙaunata. Wata uku ina zuwa gidan nan ina ganin Baba yana zuba tukwanen nan, yana goge su da hannun rigarsa. Sau nawa na buɗe baki in faɗa, sai ya ɗaga wata ya ce, ‘Ɗan fashi, ka taɓa ganin irin wannan?’ Da wane bakin zan ce masa ba za su yi ba?"

Gaskiya ne, ina ce masa ɗan fashi. Wanda ya zo ɗauke wa mutum mata, me sunansa?

"Sai na sayo waɗanda za su yi daga Damagaram," ya ci gaba, "tukunya uku da buta, a kwali. Da zan tafi na ba Najma, na ce ta ba masu jere a ɓoye, ta yi musu bayani, na Baba kuma a jera su a kanta don ado."

"Buta?"

"E, 'yar ƙarama mai ƙyalli, da baƙin mariƙi."

Mas'uda ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ashe da butata aka kashe ni."

"Yanzu zan je in gaya wa Hajiya komai!"

"Za ta ce so ne ya rufe maka ido. Abin da ta gani da idonta, sai ta ga wani da idonta. Zauna. Kuma daina kirana hasken ido, ba shi nake so ba yanzu. Bayani nake so. Ina wutar take?"

"Babu wuta."

"To me ya tafasa ruwan?"

Na matso da kujerata jikin bango. Ba don ina son ji ba, inuwa ce ta matsa.

Ya ce a ƙarƙashin gilashin akwai waya a nannaɗe kamar gammo. In kuran ya bi ta, ba ta zafi, sai dai ta riƙa fizgar ƙarfen da aka ɗora a sama, tana girgiza shi ta ciki da saurin da ido ba ya gani, har ƙarfen ya yi zafi da kansa. Wato tukunyar ce wutar. In kuwa abin da aka ɗora ba ya amsa fizgar, murhun sai ya ɗauka babu komai a kansa, ya yi ta kuka yana kira.

"To yaya zan san mai amsawa?"

Ya laluba aljihu ya ciro wani baƙin abu kamar ƙwayar goro.

"Mayen ƙarfe. Na cikin tsohuwar rediyo ne. Ki manna shi a gindin tukunya. In ya kama, murhu zai karɓa. In ya faɗi, ko ta zinariya ce ba za ta yi ba."

"Shi ke nan?"

"Sai gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, ya zauna daram a kan gilashin. Mai gindin ƙwarya ba ta yi. Kuma kada ta yi ƙanƙanta da yawa a kan zanen da'irar."

Ta karɓa. Ta daɗe tana juya shi.

"Me ya sa ma ka sayo wannan abin? Me murhun mutane ya yi maka?"

Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na tsayar da numfashi.

"Ranar da na fara ganinki, kina fifita wuta a tsakar gidan nan, na zo haɗa wa maƙwabtanku fanno. Kika yi tari har kika dafa bango. Na tambaya aka ce fuka gare ki, hayaƙi ne ke tayar da ita. Gas kuma kin ce kina tsoro. Tun ranar na yi alkawari, in Allah ya ba ni ke, ba za ki ƙara shaƙar hayaƙi ba. Fanno takwas na ɗora a rufin nan, Mas'uda. Ba don fanka ba."

Sai na ji an ja hanci.

Ni ma na ja nawa. Ƙurar gawayi ce.

Abin da ya biyo baya, gidana ya zama kasuwa. Yarinyar nan ta bi kowane lungu da mayen ƙarfe, ni da ɗan fashi muna biye.

Tukwanena goma sha ɗaya da na aika aka kwaso daga gidan ango, da wadda ta dawo da ita, ɗaya bayan ɗaya: ya zame, ya faɗi. Kowace faɗuwa a ƙirjina take sauka.

Tukunyar ƙasa: ya faɗi.

Kwanon silba mai sheƙi: ya faɗi.

"Kai! Wannan da ƙyallinsa?" na ce.

"Ba ƙyalli yake nema ba," in ji Munkaila. "Wani mai ƙyallin yana kamawa, wani ba ya yi. Sai an gwada."

Kaskon suyar ƙosai, baƙi ƙirin, wanda ko kyauta ba za a karɓa ba: ƙwas! Ya kama kamar kaska.

"Ka gani, Kaka! Mummunan ne ya ci!"

"Amma gindinsa zagaye ne," in ji ɗan fashi. "Ba zai zauna ba."

Sai ta shiga ɗakin marigayiya Hajara, matata, ta ɗauko tsohuwar langarta mai furanni, wadda fentin bakinta ya ɓantare. Ta manna.

Ƙwas!

"Ƙarfe ne a ciki, fenti aka yi masa a sama," ya ce. "Wannan za ta yi. Ki tafi da ita da mayen, ki nuna wa Hajiya, magana ta ƙare."

Mas'uda ta dubi langar. Ta dubi tukwanena a jere a rana, kowace da tauraronta. Sannan ta dube ni.

"In na yi haka, na wanke ƙafata," ta ce. "Amma gobe duk Matameye za a ce tukunyar Garba ce ba ta da amfani, zamani ya wuce shi. Ba zan shiga gidan miji ta kan sunan Kaka ba."

"Mas'uda, Asabar saura kwana uku!"

"Na iya ƙirga."

Wannan magana ta sa na ji tsayina ya ƙaru da taƙi guda. Na ce, "Kai, ɗan fashi. Murhun naka ƙarfe yake so a gindi, ko?"

"E, Baba."

"Ina ruwansa da abin da ke sama?"

Ya yi tunani. "Babu."

"To hura mini wuta."

Na sa aka yanko mini faifan ƙarfe daga gindin tsohuwar gangar mai, na daddale shi ya kwanta. Na gasa shi sosai, don in da ɗigon danshi a jikin ƙarfe, dalma tsalle take yi, ƙafata ta hagu shaida ce. Na danna ƙasa a akwati, na kwantar da faifan, na zuba. Munkaila yana juya zugazugi da farar rigarsa, gumi har haɓa. Mas'uda na kore ta can bakin rijiya saboda hayaƙi, tana leƙe.

Da ta huce na fasa ƙasar. Tukunya ta fito kyakkyawa. Na miƙa ta ina kallon sama.

Mas'uda ta manna mayen. Ya ɗan yi kamar zai tsaya… ya zame.

Dalma ta malale ta rufe ƙarfen gaba ɗaya, ta binne shi.

"Gwaji ne," na ce. "Da gangan na yi, don ku ga yadda ba a yi."

Alhamis da safe na sake. Wannan karon na bar fuskar ƙarfen a waje. Ta huce, na ɗaga, faifan ya faɗo ƙasa, ƙwalalam, ya gangara har gindin turmi. Dalma ba ta riƙe shi ba.

Na zauna a kan akwati. Shekara hamsin da shida, yau ƙarfe da dalma sun haɗa kai suna yi mini dariya a gaban suruki.

Mas'uda ta ɗauko faifan. Ta tsuguna kusa da ni, tana wasa da maɓallin rigata kamar yadda take yi tana yarinya. Sai ta tsaya.

"Kaka… me ya riƙe wannan maɓallin?"

"Zare."

"Ta ina?"

"Ta huda mana."

"To in ka huda faifan? Huda da yawa, kamar matankaɗi. Dalma ta bi ta cikin hudar ta kama shi, fuskarsa kuma tana waje."

Ita ta faɗa da baki, ban musa ba. Amma ku sani, dabarar tana cikin kaina tun tuni, hanyar fita ce ba ta samu ba.

Huda talatin da bakwai na yi, kowace bakinta na waje ya fi faɗi don dalma ta zauna kamar kan ƙusa. Ƙasar gindin kuwa a kan gilashin tsohuwar taga na daddale ta, don ta kwanta sumul. Na yi bisimilla na zuba.

Da la'asar tukunya ta huce, aka kawo maye.

Ƙwas!

Mas'uda ta juya tukunyar ƙasa, ta girgiza, mayen yana nan maƙale. Ta yi tsalle ta yi guɗa, ta manta da angon da ke tsaye. Shi kuma ya manta da ni, yana kallonta baki buɗe.

"Baba, bari in kai ta in gwada a ɓoye tukuna," ya ce da ya dawo hayyacinsa. "Kamawar maye daban, amma ban san ko kaurin faifan ya isa ba…"

"A gaban mutane aka ƙi tukunyata, a gaban mutane za a karɓe ta. Garba ba ya gwaji a ɓoye."

"Mas'uda, ki yi masa magana! In ta ƙi fa?"

Na ga tsoro a idonta, ba zan ɓoye ba. Amma ta ce, "Hannun Kaka ne. Na yarda."

Juma'a da hantsi na sa babbar rigata, na ɗauki tukunya a buhu. Ni da Mas'uda da ɗan fashi muka nufi gidan ango.

Hajiya Halima ta karɓe ni da mutunci, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta sa aka shimfiɗa mini darduma a ƙofar ɗakin girkin. Mata sun cika gidan, har waɗanda ba a kira ba.

"Baba Garba, ba ƙin jininku nake ba," ta ce. "Abin da na gani ne ya tsorata ni."

"Shi ya sa muka zo ki ƙara gani, Hajiya."

Mas'uda ta durƙusa ta gaishe ta, kai a ƙasa. Sannan ta ɗauko tukunyar da murhu ya ƙi ranar jere, ta zuba ruwa, ta juya wajen Najma da murya mai laushi.

"'Yar'uwa, taimaka ki ɗora mini. Hannunki yana da sa'a."

Najma ta ja da baya. "Ni? Me ya haɗa ni da…"

"Ɗora mana," in ji Hajiya.

Ta ɗora. Ta danna.

Ƙit… ƙit… ƙit…

"Af!" in ji matar nan mai raɗa. "Ita ma farar ƙafar ce?"

Aka tuntsire da dariya. Mas'uda ba ta yi ba. Ta ɗauki 'yar butar nan mai baƙin mariƙi, ta ɗora da hannunta. Shiru… sai huci.

Hajiya ta taso daga kujera.

"Yaya haka?"

Mas'uda ta miƙa mata mayen ƙarfe da hannu biyu. "Hajiya, ki manna a gindin kowace."

Ta manna a tukunya, ya faɗi. Ta manna a buta, ya kama. Ta sake. Ta sake. Ta manna a ƙofa, ya kama. Ta manna a awarwaronta, ya faɗi, ta ce, "La! Allah ya sa dai ba cutata aka yi ba!" Munkaila ya ce zinariya ba ta kamawa, sannan hankalinta ya kwanta.

"Wato ba hannu yake dubawa ba, gindin tukunya yake dubawa," ta ce a hankali. Sai ta juya. "Najma. Ina kika samo butar nan?"

Najma ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, a kwalin da na ba ta ne," in ji Munkaila. "Da saƙon da na ce ta faɗa."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Tun ina ƙarama kuke ce mini matar Yaya! Kowa a gidan nan! Sai da na girma kuka ce wasa ne!"

Babu wanda ya yi dariya a nan. Hajiya ta runtse ido.

"Laifin bakinmu ne, na ji. Amma kin kusa sa ni zaluntar marainiya. Shiga ciki, za mu yi magana." Ta dubi Mas'uda. "Ɗiyata, ki yafe mini."

"Babu komai, Hajiya."

"Sai dai tukwanen Baba Garba ke nan, sai ado," wata ta ce. "Zamani ya zo."

Nan na kwance bakin buhu.

Ban yi magana ba, kuma ku san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Na miƙa wa Mas'uda sabuwar tukunyar. Ta zuba ruwa. Ta ɗora a hankali, ba ta ja ta a kan gilashin ba. Ta dubi Munkaila, ya dube ta. Ta danna.

Na ƙirga a zuciyata. Ɗaya. Biyu. Uku…

Babu ƙit.

Huɗu. Biyar. Sai wani ɗan gurnani siriri, kamar kyanwa ta samu cinya.

"Ƙwayoyi!" Mas'uda ta yi ihu. "Kaka, ga ƙwayoyin ruwa suna tasowa!"

Ruwa ya tafasa, ya yi ta bori a cikin tukunya mai tauraro. Gida ya ɗauki guɗa. Hajiya ta kai hannu kusa da gefen gilashin, ta ce, "Nan kuma sanyi ƙalau! Kai, duniya!" Sannan ta ce, "Baba Garba, irin wannan guda biyu nake so."

"Sai kin sayi murhun, Hajiya."

"Ina da ɗa mai haɗawa."

Na gyara zaman rigata. Na ce musu ai wannan ƙaramin aiki ne, na yi waɗanda suka fi shi.

Asabar aka ɗaura aure, kamar yadda aka sa.

Kwana bakwai bayan nan, ranar da amarya ta fara girki, suka aiko a ɗauke ni a moto. Na ce ba na cin tuwon da bai ji hayaƙi ba, amma na hau.

Na zauna a ƙofar ɗakin girkin, inda na zauna ranar Juma'a. Tukwanena goma sha biyu suna jere a kanta suna sheƙi, langar Hajara a tsakiyarsu. Ta sha ukun tana kan murhu. Tuƙin tuwo yana son ƙarfi, gilashi kuma ba ya son a girgiza shi, don haka ɗan fashi ne ya riƙe mata kunnuwan tukunyar da tsumma, ita tana tuƙi.

"Riƙe da kyau, malam."

"Na riƙe, ranki ya daɗe. Har abada."

"Tukunyar nake nufi!"

"Ita ma."

Suna ta dariya, sun manta da tsoho.

Ni kuwa fuskarta nake kallo. Tana tuƙa tuwo, tana magana, tana numfashi har ƙasan ƙirji. Idonta fari tas.

Sai na tuna Hajara. Shekara arba'in da ɗaya tana durƙushe gaban duwatsu uku, a kan tukwanen da nake alfahari da su, tana tari, tana share ido da gefen zane. Kullum na shigo sai in ce, "Tuwon bai yi ba?" Ban taɓa ganin ta tuƙa tuwo da busasshen ido ba. Ban kuma taɓa tambaya ba. Na zaci haka ake yin tuwo.

"Kaka?"

Mas'uda ta tsaya da muciya a hannu.

"Kaka, kuka kake?"

"Ni? Garba? Wanda aka ce a yanke wa ƙafa bai yi kuka ba? Hayaƙi ne ya shiga mini ido."

Ta dubi murhun. Ta dubi mijinta. Ta ajiye muciyar, ta zo ta durƙusa a gabana, ta sa gefen mayafinta tana share mini fuska.

"Kaka," ta ce a hankali, "ai babu hayaƙi a gidan nan."

"Na sani, amaryata," na ce. "Je ki kwashe tuwonki kada ya kama."